Ranar da Kaka Ta Zama Mutum-mutumi

Ɗaukar jikarta kawai Kaka ta zo yi a makaranta. Ta tarar ba a tashi ba, sai ta jingina da ƙofar ɗakin kwamfuta tana leƙe. Yara goma sha biyu sun kewaye wata 'yar na'ura mai taya biyu, wadda ke ta gwara kanta da bango.

"Ba laifinta ba ne," in ji malamar. "Abin da kuka rubuta mata shi take yi, ba ƙari ba ragi. Wa zai zama mutum-mutumi mu gwada?"

Kafin kowa ya motsa, Kaka ta ji bakinta ya ce, "Ga ni."

Jikar tata, wadda take kira Takwara, ta rufe fuska. "Wayyo Kaka, don Allah!"

Ina, ai Kaka ta riga ta ajiye jaka, ta sandare a tsakiyar ɗaki, hannuwa a miƙe. Aikin shi ne a kai ta teburin malama ta ɗauki alli, kuma Takwara kaɗai ke da ikon ba da umarni.

"Juya dama," in ji yarinyar.

Kaka ta juya dama, ta sake juyawa, ta yi ta juyawa har mayafinta ya zame.

"Sau ɗaya! Sau ɗaya nake nufi!"

"Ba ki faɗa ba," in ji Kaka da muryar tsohuwar rediyo.

Aji ya kece da dariya. Ita kanta Takwara sai da ta durƙushe.

"To, yi gaba!"

Gaban Kaka kuwa ƙofa ce. Ta fice tiƙis-tiƙis, ta ratsa baranda, ta nufi bakin get, yara na biye da ita suna ihun ta tsaya. Ta ƙi, don dariya ta hana Takwara, mai ba da umarnin, magana. Maigadi ya miƙe a ruɗe yana tambaya ko lafiya. Cikin Kaka har ciwo yake saboda danne dariya. Rabon da ta ji daɗi haka, ta manta.

Takwara ta sha gabanta tana haki. "Idan kika ga abu a gabanki, tsaya!"

Kaka ta ƙame, hancinta saura kaɗan ya taɓa ƙarfen get.

Malama, wadda ta biyo su, ta tafa. "Maimaita! Me kika ce?"

"Idan ta ga abu..." Yarinyar ta zaro ido, ta kwasa a guje zuwa aji.

Da Kaka ta iso tana gyara mayafi, Takwara ta gama rubuta wa na'urar wannan umarnin a kwamfuta. 'Yar na'urar ta taho da gudu, ta zo dab da bango, ta tsaya cak. Yara suka hau tsalle.

Kaka ta jawo 'yar kujera ta matse a ciki, gwiwoyinta har ƙirji.

"Matsa, Takwara. Nuna min inda ake gaya mata ta yi rawa."