Zirin Gonar Baba Maikasuwa

Malama Khairiyya tana koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata kusa da Roni. Ranar da ta zo kan darasin yadda gonaki da tituna ke daddatse mazaunin namun daji, ta yi ta zane a allo, ta juyo ta ga rabin ajin suna hamma. Ba ta yi faɗa ba. Ta nemi izinin shugabar makaranta, ranar Alhamis ta kwashe su zuwa gonar mahaifinta.

Gonar tana tsakanin duwatsu biyu, kowanne da ɗan sauran dajinsa. Ta gefen gabas akwai wani ziri na sabara da geza da ya haɗa su. Nan ɗaliban suka tsuguna a kan yashi, suka ga sawun zomo da na zabin daji, har da inda damo ya ja wutsiya. Malama ta ce ta nan dabbobin dutsen nan ke bi su je wancan neman ruwa da abokan haihuwa. In zirin ya tafi, kowanne zai zauna a tsare, su yi ta raguwa.

Suna cikin haka mahaifinta, Baba Maikasuwa, ya iso da gatari a kafaɗa. Suka durƙusa suka gaishe shi. Da ya ji abin da ya kawo su, ya yi dariya, ya ce ai zirin ma ya zo sarewa, yana son ƙara wake bana. Khairiyya ta sunkuyar da kai. Ba ta san da maganar ba, kuma ba za ta iya musu da shi a gaban yara ba.

Wata ɗaliba mai suna Bahijja ta ce, "Baba, to zomayen ina za su bi?"

"Zomayen da ke cinye mini wake?"

"Su ɗin, Baba."

Ya dubi 'yarsa, ya ce musu malamarsu tun tana ƙarama take ɓoye bushiya a ɗakin innarta, ba yau ta fara tara masa dabbobi ba. Yaran suka kwashe da dariya, ita ma ta rufe fuska da mayafi.

Ya jingina gatarin a gindin aduwa. Ya ce zai bar zirin, amma da kaka duk ajin zai zo roron wake. Suka amince. Da kakar ta yi suka zo, suka ci ɗanyen wake fiye da wanda suka rora, shi kuwa yana zaune a inuwa yana ta yi musu tsiya.