Riga Ta Goma Sha Uku

Saura kwana biyu Kirsimeti, tela ya ƙirga rigunan mawaƙan coci ya tarar da goma sha uku. Goma sha biyu aka ce ya ɗinka. Ya ɗaga ta ƙarshen, sai ya gane kafaɗar. Awon matarsa ne. Shekara ashirin yana yanka mata rigar waƙa da ka, ashe hannunsa bai sami labarin an binne ta tun watan huɗu ba.

Ya rataye rigar, ya sauke, ya cusa ta ƙarƙashin tebur, ya sake zaro ta. Ya hau keke, ɗinki ya ƙi tafiya.

Ana haka ƙanwar marigayiyar ta shigo ɗaukar kaya, don ita ce shugabar mawaƙa yanzu. Tun jana'iza bai taka coci ba, ita kuwa ba ta barinsa ya manta. Tana ganin rigar ta gane awon yayarta. Sai ta kawo maganar wata mai wanki, wadda aka dakatar daga cikin mawaƙa bara saboda cikin da ta yi ba aure. Makon jiya aka sake karɓar ta, bayan an gama raba yadi. Muryarta ta fi ta kowa, amma a baya za ta tsaya da kayan gida.

Tela ya ce wannan riga ba mai farke ta. Matarsa ba ta taɓa fashin sujada ba, abin da ta samu wata bakwai a gadon asibiti. Yanzu kuma a ɗauki rigarta a ba wadda ta yi abin da ta ga dama?

"Mijin Yaya, ban kai ka karatun Littafi ba," in ji ta. "Amma wanda za mu yi wa waƙar nan, ba masu kirki ya zo nema ba. A tsumma aka naɗe shi, kai kana rowar yadi huɗu."

"Wa'azi ma kin iya? Da waƙar kika fara gyarawa."

Ta kwashi goma sha biyu ta fita.

Ya yi ta kai da kawo tsakanin tebur da ƙofa. Ya san karatun tun yana yaro: Allah ya ɗauki jiki, mai kafaɗa da wuya, mai gajiya, wanda ake binnewa, don ya ceci masu irin jikin. Idan gaskiya ne, matarsa ba ta bukatar riga. Idan ba gaskiya ba ne, nan ma ba ta bukata. Haushinsa shi ne bai sami amsa ta uku ba.

Da la'asar ya sami mai wanki a bakin famfo, da goyo a bayanta. Ta fara gaisuwa, ya katse ta.

"Ajiye sabulun ki ɗaga hannu in auna ki. Kuma kada ki gode mini."

Ta fi matarsa faɗi da inci huɗu. Ya koma shago, ya juya rigar bai-bai, ya sa reza a bakin ɗinkin.