Igiyar Gadar Ƙurɗuba

"Sake faɗa min, 'yata. Masallaci ne ko coci?"

"Duka biyun ne, Baba Alhaji."

Alhaji Halliru ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar. Mutumin da ya shiga Bangkok bai san ko kalma ɗaya ta yarensu ba ya fito da kwantena biyu, wanda gobara ta cinye wa shago sau biyu a Kano ya sake miƙewa, wanda bai taɓa zama a aji ba amma shekara goma sha takwas ke nan yana riƙe da kamfanin kago mai jigilar kaya a Dubai, yau ga shi a wani ɗan ofishin tafiye-tafiye a Al Rigga, yarinya sa'ar autarsa tana juya masa kai da takarda guda.

Wasila, mai shirya masa takardun biza, ta gyara zama ta sake bi da shi a hankali. Musulmin Andalus ne suka gina shi, ginshiƙansa sun fi ɗari takwas. Da Kiristoci suka karɓe garin ba su rushe shi ba, sai suka gina cocinsu a tsakiyarsa.

"A tsakiya? Kamar yadda ake sa ƙwai a cikin burodi?"

"Kusan haka."

"To ni a wane ɓangare zan yi azahar?"

"Ba a salla a ciki, Baba. Tikiti za ka yanka, ka shiga ka kalla, ka fito."

"In yanki tikiti in shiga masallaci, kuma in fito ban yi salla ba." Ya dubi silin. "Na zaga duniya, 'yar nan. Ban taɓa jin irin wannan ba."

Ba kallon gini ne zai kai shi Sifen ba. Shekara bakwai rabon da ya sa ɗansa Kamal a ido. Yaron ya bar Kano bayan sun yi sa-in-sa a kan zaman shago, aka ji shi a Maroko, aka daina jin sa, sai daga baya hotuna suka fara shigowa daga wani gari wai shi Ƙurɗuba. Kamal ya ce yana harkar masu yawon buɗe ido. Kafin maganar ta zaga majalisar 'yan Kano ta Bur Dubai, Alhaji ya riga ya mayar da shi manaja. Amma duk lokacin da ya ce a aiko masa da takardar gayyata, sai Kamal ya ce ofishinsu ba sa bayarwa, a bari sai baɗi. Baɗi uku ke nan. A watan jiya kuma likita ya ce idon Alhaji na dama ya riga ya tafi, na hagu yana bin sa a hankali. Shi ya sa ya ce wa Wasila ta nema masa bizar ɗan yawon buɗe ido, kamar kowane Bature mai gajeren wando. A irin wannan biza kuwa ana haɗawa da jerin wuraren da mutum zai ziyarta, kuma ta ce gara ya haddace su ko da za a tambaya.

"Na biyu, gadar Rumawa. Na uku, fadar sarakuna mai lambu. Na huɗu, tsohuwar unguwar Yahudawa."

"Akwai Yahudawan?"

"An kore su tun shekara ɗari biyar."

"Unguwar Yahudawa babu Yahudawa, masallaci babu salla. Gadar fa, akwai Rumawan?"

Wasila ta danne dariya da gefen mayafinta. "Na biyar, lungun furanni."

"Lungu? In bar lungunan Kurmi in hau jirgi in je kallon lungu?" Ya fara lissafawa da yatsu, ya sa fada a gaban gada, ya manta Yahudawa, ya dawo ya sa furannin a cikin masallaci. "Khalas, ya isa, kin cakuɗa min kai. Ni gari da ƙafa nake sanin sa. Ki ajiye ni a ko'ina, in na ga masallaci na ga kasuwa, to na gama da garin."

"To ba ni wayarka, Baba. Ai duk wuraren nan suna cikin hotunan Yaya Kamal. In ka gan su da shi a tsaye, za su fi zama."

Ta jona wayar da kwamfuta, ta juyo masa da babban allon. Alhaji ya matso da kujera, ya karkata kai don idon hagu ya yi aikinsa. A waya, hotunan nan duhu-duhu yake ganin su, riga ja da haƙora kawai. Yau ga Kamal kamar zai yi magana. Ya rame. Ya tara gemu. Bayansa doguwar gada ce ta dutse, da hasumiya a can ƙarshenta.

"Ka ga gadar Rumawa ke nan."

Alhaji bai ji ta ba. "Ƙara girman nan. Ƙasa. Hannunsa na hagu."

Wata farar igiya ce siririya, an naɗe ta sau biyu a wuyan hannun, ta gangara ƙasa ta fice daga hoton.

"Ƙila ta kare ce," in ji Wasila. "Turawa suna..."

"Ɗan nawa da kare? Wuce gaba."

Hoto na gaba a jikin bangon masallacin ne, rassan lemu sun leƙo ta sama. Igiyar na nan. A na uku, a bakin lungun furanni, wanda ya ɗauki hoton bai yanke ƙasan da kyau ba: ga gefen wani farin zane a shimfiɗe, ga maficai jere, ja da baƙi, ga tabarau. Igiyar ta rabu huɗu, kowace ta nufi kusurwar zanen. Sai a lokacin Alhaji ya lura da wani abu kuma. A duk hotunan bakin Kamal na dariya, amma idanunsa ba sa kallon mai ɗauka. Suna can gefe, suna gadin bakin titi.

"Baba, lafiya?"

Ya miƙe, ya ɗauki wayar ya bar sandarsa, ya dawo ya ɗauki sandar ya bar wayar.

"In tura takardun ko in dakata?"

"Shwaiya," in ji shi. "Dakata tukuna."

Bai san yadda ya kai bakin ruwa ba. Ya dai tsinci kansa a kan abra, ɗan kwalekwalen katakon da ke tsallaka mutane zuwa Bur Dubai, a matse tsakanin wani Ba'indiye da buhun yadi. A can kasuwar yadi amininsa Ɗalhatu na jiran sa su ci abincin rana, kuma ya san da abin da zai tare shi: ina uban manaja, an samu bizar? Da abra ta tsaya kowa ya sauka, shi bai motsa ba. Matuƙin ya ce yalla, Hajji. Ya miƙa masa wani dirhamin suka juya.

Fushi yake ko kunya, ya kasa rabewa. Wa ma zai yi wa fushin? Yaron ya ce yana harkar masu yawon buɗe ido, kuma ga shi nan a ƙofar duk inda suke zuwa. Manajan kuwa, daga bakin wa ya fito?

Ya dubi wuyan hannunsa na hagu, wanda ya ɗan karkace kamar an ɗora shi da gaggawa. Duk wanda ya zauna da Alhaji Halliru ya san labarin hannun nan. 'Yan Kantin Kwari sun san 'yan fashi ne a hanyar Legas, su shida shi kaɗai. 'Yan Dubai sun san mota ce ta ƙone a hamada ya fito da mutum biyu. 'Ya'yansa sun ji duka biyun. Babu wanda ya taɓa jin na Jidda, lokacin yana ɗan shekara goma sha tara, ba takarda ba dangi, yana kasa carbi da turare a ƙasa a kasuwar Bab Sharif. Wani Buzu ne ya koya masa ɗaure kusurwa huɗu da igiya, in ma'aikatan baladiyya, hukumar gari, suka ɓullo, fizga ɗaya kayan sun zama ƙunshi, sai gudu. Abin da Buzun ya manta bai faɗa masa ba, ran nan wani ƙato daga cikin ma'aikatan ya koya masa: ya cafki ƙunshin ta baya, igiyar kuwa tana naɗe a hannu, ta ƙi sakin sa har hannun ya karye.

Sau biyu aka naɗe ta a hannun Kamal. Ya gani da idon da ya rage masa.

Wayar ta yi ƙara, hoton Ɗalhatu ya fito. Ya bar ta ta gaji. Sannan ya lalubo hoton Kamal mai riga ja, ya danne alamar murya da babban yatsa.

"Kai Kamalu, ashe shekara bakwai kana..." Ya goge.

"Ni da nake da kamfani a Dubai, ɗana a ce..." Ya goge wannan ma.

Abra ta sake barin gaɓa. Ya jira ƙarar injin ta daidaita.

"Kamalu, Babanka ne. Igiyar nan, ka daina naɗe ta a wuyan hannu. A yatsu biyu ake riƙe ta. In suka kama ƙunshin, ka saki, kaya ne, ana sake wasu. Kuma kada ka shimfiɗa a tsakiyar gada, gada baki biyu gare ta, in suka tare duka ina za ka bi? Ka tsaya a bakin lungu. Tabarau kuma a tsakiyar zane ake sa su, maficai a gefe, in ba haka ba duk fizga sai ka fasa uku. Shi ke nan."

Ya saki yatsa. Saƙon ya tafi, alamar ta koma shuɗiya nan take. Suka isa ɗaya gaɓar, suka sake lodi, matuƙin ya daina ma kallon sa. Suna tsakiyar ruwa amsar ta shigo, gajeriya, ana jin ƙararrawar coci da hayaniyar mutane a bayanta.

"Baba..." Numfashi. "Baba, kai a ina ka san wannan?"

Alhaji Halliru, wanda ba a taɓa yi wa tambaya ya rasa labari ba, ya sake danne alamar murya.

"Wannan ba na waya ba ne," in ji shi. "Sai a zaune. Ka nema min inda zan shimfiɗa sallaya, tunda masallacin naku ba a salla."

Ya kira Wasila.

"'Yata, tura takardun. Amma ki gyara jerin nan, ki mayar da gadar lamba ɗaya."

"Baba Alhaji, ai kowa da masallacin yake farawa."

"Na sani," in ji shi. "Ni da gadar zan fara."