Gilashin Baba a Kyamarar Aro

Auta ta ƙara ja da baya har ƙeyarta ta bugi bango. Ta leƙa kyamarar, gabanta ya faɗi. Gadon Baba ya shiga, Mama ta shiga, yayyenta mata biyu sun shiga rabi-rabi. Yaya, babban wansu, da ke tsaye can gefe ya harɗe hannu, ko kafaɗarsa babu.

"Malama, ana jiransa a ɗakin tiyata fa," in ji nas daga bakin ƙofa.

"Don Allah, yanzun nan."

Baba ne ya nemi hoton. Tsohon mai hoto ne, da wani gilashin kyamara nasa ya ɗauki kowannensu tun suna zanen goyo, kuma ya ce da shi yake so a ɗauke su gaba ɗaya kafin a shiga da shi. Likita bai ɓoye musu ba, aikin ko a fito ko kada a fito. Shi kuwa Yaya, rabon da ya tako inda Baba yake tun rigimar sayar da shago, yau ma sai da Mama ta yi masa kuka a waya.

Babbar kyamarar Auta tana wurin gyara, shi ya sa da safe ta aro ƙarama wurin wata abokiyar sana'arta. Gilashin Baba ya hau ta daidai, har da ɗan ƙas ɗinsa, ita kuwa ta saka a jaka ko gwadawa ba ta yi ba. An ce zanen aro ba ya rufe katara. Sensar wannan kyamara, wato farantin da ke karɓar hoto a ciki, ba ta kai rabin ta babbar ba. Gilashin da ke haɗiye ɗaki guda a babbar, a nan tsakiya kawai yake yankowa ya watsar da gefe.

"Ga waya, a ɗauka kowa ya huta," in ji Yaya, idonsa a kan taga.

"Da gilashina na ce," in ji Baba. Muryarsa da ƙyar take fita, amma taurin kan yana nan daram.

Ga kuma duhu. Tagar ɗaya ce, ita ma katangar wani gini ta tare ta. Auta ta buɗe bakin gilashin har ƙarshe. Lambar buɗewar dai ita ce wadda ta saba da ita, amma ƙaramin faranti haske kaɗan yake tarawa, da ta ƙara masa ƙarfi sai fuskoki suka cika da tsakuwa-tsakuwa. Dole ta rage saurin ɗauka. Ta danna. Kan Baba, da ciwo ya sa yake kaɗawa ba tsayawa, ya fito kamar hayaƙi.

Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada ya zama abin da zai rage musu na Baba ke nan.

"Yaya, ba ka fito ba. Matso."

Ya matso taku ɗaya, kamar mai tsoron kada ƙasa ta tsage.

"Wallahi ba ka ciki. Bango ne a bayana, ba inda zan je. Hau gadon."

"Ke, ki bar shi haka mana."

"Ba zan bari ba! Ka zauna ka riƙe masa kai, rawa yake yi, hoton ba ya tsayawa."

Mama ta janye jikinta ta ba shi wuri. Yaya ya zauna a bakin katifa, ya ɗaga hannu ya rasa inda zai sa shi. Can ya tallafo ƙeyar tsohon ya jingina ta a ƙirjinsa. Kan ya tsaya.

Auta ta ɗauke numfashi ta danna, sau ɗaya. Kafin ta sake, masu tura gado sun shigo, an fara kwance ledar ƙarin ruwa daga ƙarfe.

Ta duba. Baba ya fito tsaf, har furfurar girarsa ana gani. Fuskar Yaya ce ta narke, ba ido ba baki, domin kuka yake yi, duk jikinsa na jijjiga.

A bakin ƙofa Baba ya ɗaga yatsa, aka tsayar da gadon.

"Auta, kowa ya fito?"

Ta kifa kyamarar a ƙirjinta.

"Kowa ya fito, Baba."