Fanka Ɗaya a Falon Maltiti

Sana'ar Maltiti ita ce nuna wa mutum gidansa tun kafin a haƙa harsashi. Mai shirin gini zai kawo mata taswirar da aka zana masa a takarda, ita kuma ta tayar da gidan a cikin kwamfuta, da rufi da tagogi da fenti, har da inuwar da katanga za ta yi da la'asar. Idan ta gama tsarawa sai ta bar wa na'urar sauran aikin, ta riƙa fitar da hoton kaɗan-kaɗan har ya zama kamar wanda aka ɗauka da kyamara. Masu sana'ar suna ce wa wannan matakin renda, kuma a nan ne ake gane kwamfutar da ke da ƙarfi da wadda ba ta da shi.

Tata dai ta tsufa. Tun tana makarantar koyon zanen gini ta harhaɗa ta, kuma tana nan a kan tebur a kusurwar falonta a unguwar Lamashegu ta Tamale, baƙin akwati mai gurnani kamar injin niƙa. Hoto ɗaya-ɗaya tana iya fitarwa idan an yi haƙuri da ita. To sai ga Alhaji Usumanu, wanda ke shirin gina masaukin baƙi a Gurugu, ya ce shi ba hoto yake so ba. Bidiyo yake so, wanda mai kallo zai ji kamar ya shigo ta ƙofa, ya ratsa tsakar gida, ya hau bene. Yayansa zai zo daga Kumasi ranar Juma'a, kuma da shi za a yi ginin, don haka dole ya gani da idonsa.

Maltiti ta amsa, ko da yake ta san na'urarta ba za ta iya ba. Washegari ta hau babur ta nufi shagon Kodzo, wani mutumin kudu da ya daɗe a Tamale yana sayar da kayan kwamfuta, sababbi da na hannu. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu.

"Sista, wannan kati ya fi ƙarfin aikinka," in ji shi, yana zaro wani katin sarrafa hoto daga leda. Dogo ne, mai nauyi, da ƙananan fankoki a jikinsa. "Na hannu ne, amma kamar sabo. Ka sa shi kawai, za ka zo ka gode mini."

Ba ta gode masa ba, domin da ta isa gida ta kwance murfin akwatin, katin ya ƙi shiga. Tsawonsa ya wuce wurin, ƙarshensa yana tokare da wani ƙarfen da ke riƙe da ma'ajiyar bayanai. Ta juya shi ta nan, ta karkata shi ta can, ta yanke a yatsa. Daga ƙarshe sai da ta ari abin huda ƙarfe wurin maƙwabcinta mai walda, ta cire ƙarfen gaba ɗaya, ta ɗaure ma'ajiyar da igiyar roba a ƙasan akwatin.

Duk wannan a kan idon mahaifiyarta aka yi shi. Mma Sanatu ta zo daga ƙauye ne saboda ciwon gwiwa, ana gasa mata ƙafar a asibiti, kuma a falon take kwana a kan katifa, don ba ta iya hawa dogon gadon ɗaki. Mijin Maltiti yana aiki a garin Wa, sai ƙarshen wata yake zuwa, saboda haka su biyu ne a sashensu na gidan hayar.

"Ke kuma kin zama makanike?" Mma ta tambaya.

"Mma, abinci nake nema."

"To Allah ya taimaka. Amma ki ɗaure yatsan nan, jini na zuba a ledar ɗaki."

Da katin ya zauna, ta kunna. Allon ya kawo, komai ya yi kyau, har ta ɗan yi murmushi. Tana danna renda sai ɗif, na'urar ta mutu kamar an zare waya. Ta leƙa waje ko ɗauke wuta aka yi, ta ji rediyon maƙwabta yana ta magana. Ta sake kunnawa, ta sake dannawa, ɗif.

Ta kira Kodzo. "Ai na manta ban faɗa maka ba," ya ce. "Wannan kati ya na cin wuta sosai. Akwatin wuta naka ƙarami ne, sai ka canja shi."

"Ka manta?"

"Sista, yi haƙuri. Ina da wani a nan."

Haka ta sake keta ranar Tamale, ga watan Maris, iskar da ke bugun fuska kamar daga bakin murhu ta fito. Ta dawo da sabon akwatin rarraba wuta, ta zauna a ƙasa tana zare tsofaffin wayoyi tana cusa sababbi, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Wata ƙaramar ƙusa ta suɓuce ta faɗa can ƙarƙashin babban allon da kayan cikin na'urar ke manne a kai, sai da ta ɗaga akwatin ta girgiza shi kafin ta fito. Bayan haka kuma katin ya buƙaci manhajarsa, ga intanet yana rarrafe. Yinin ya tafi a haka, ko hoto ɗaya ba ta fitar ba.

Da safe abin ya fara tafiya. Ƙofar masaukin Alhaji ta fito a allo, da filawoyi a gefenta, sai tsakar gida. Maltiti ta sayo koko da ƙosai, suka karya ita da Mma cikin raha. Amma da rana ta ɗaga, kwanon rufi ya ɗauki zafi, gurnanin na'urar ya koma ihu, can sai allon ya daskare. Ta taɓa akwatin, ta janye hannu da sauri.

Ta cire murfin gefe ta jingine shi da bango. Bai isa ba. Ta tsaya tana dube-dube a falon, idonta ya sauka a kan fankar tsaye da ke kaɗa wa Mma. Ita kaɗai ce mai aiki a sashensu, ta silin ta ƙone tun bara, mai gidan hayar kuma kullum sai ya ce gobe.

"Mma, ara mini fankar nan na ɗan lokaci."

"Ɗauki mana, ai taki ce."

Ta juya fankar ta saita ta a cikin buɗaɗɗen akwatin. Aikin ya ci gaba. Sai dai yanzu duk zafin da ke cikin na'urar falon yake fitowa, ya haɗu da na kwano. Mma ta yi ta fifita da murfin kwali, daga baya ta jawo sandarta ta ɗingisa zuwa gindin dalbejiyar tsakar gida. Ɗan lokacin ya zama yini, yinin ya shiga washegari. Maltiti tana ganin uwarta ta taga, zaune a kan benci ƙafa a miƙe, sai ta kau da kai ta ce a ranta, bari dai a gama wannan.

"Kin bar abin nan tsirara," Mma ta ce da ta shigo yin salla. "Ƙadangare zai faɗa ciki, ko yaran gidan nan su tura hannu."

"Haka yake so, Mma. Iska yake sha."

Ranar Alhamis da hantsi, aiki ya yi nisa, Alhaji Usumanu ya kira. Yana filin a Gurugu da mai haƙa rijiyar burtsatse, yana son ta zo ta nuna inda tankin ruwa zai zauna. Ta ce masa tana tsakiyar aikinsa ne. Ya ce ai ba za ta daɗe ba. Ta dubi allon, layin da ke nuna ci gaban aiki ya wuce rabi da nisa. Ta ɗauki makullin babur ta fita.

Ta daɗe. Alhaji mutum ne mai son a tsaya a yi ta zagaya fili, ana nuna nan ana nuna can. Sai bayan azahar ta dawo, kuma tun daga bakin ƙofa ta san akwai matsala, domin falon shiru yake. Fankar tana juyawa, amma babu gurnani. Akwatin kuwa an lulluɓe shi tsaf da zanen atamfa, an cusa gefunan a ƙarƙashi yadda ake rufe kwanon tuwo.

Ta yaye zanen. Wani zafi mai warin roba ya bugi fuskarta. Allon baƙi ƙirin.

"Wa ya rufe wannan?"

Mma tana kan katifa tana jan carbi. "Ni ce. Matar gidan can ce ta hau shara, ƙura tana shigowa ta taga, na ga abin a buɗe..."

"Wa ya sa ki? Mma, wa ya sa ki? Na ce miki iska yake sha! Aikin kwana da kwanaki kin kashe mini shi da zane! Don Allah abin da ba ki sani ba ki daina taɓawa!"

Muryarta ta fita har tsakar gida, ta ji matar da ke wanke-wanke a waje ta tsaya cak. Mma ta miƙa hannu ta karɓi zanenta, ta ninke shi a kan cinya, ta ci gaba da jan carbinta.

Maltiti ta duba abin da ya tsira. Rabin farko yana nan, amma duk hawa benen da ɗakunan sama sun lalace. Da na'urar ta huce ta sake gwadawa, ga murfi a buɗe, ga fanka, babu zane, amma ba a je ko'ina ba ta sake daskarewa. A nan ne ta durƙusa ta haska cikin akwatin da fitilar waya, ta ga abin da ba ta lura da shi ba tun farko: ɗaya daga cikin fankokin katin ba ta juyawa sam. Ta taɓa ta da yatsa, ta ji ta a cije.

Ta zare katin ta naɗe shi a ɗankwali ta koma wurin Kodzo. Ta ajiye masa a kan tebur ba ko sallama.

"Kamar sabo, ko?"

Ya juya fankar, ya ɓata fuska. Ya kwance katin a gabanta. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen da ke janye zafi ya bushe ya farfashe kamar tsohuwar ƙasar fadama.

"Cale," ya ce a hankali, wato irin "kash" ɗin mutanen kudu. "Wanda ya kawo shi ya rantse mini bai wahalar da shi ba."

"Kai kuma ba ka buɗe ka duba ba, ka sa na yi ta zarya a rana. Ka san abin da ka jawo mini a gida?"

Bai sani ba, ita ma ba ta faɗa masa ba. Ya goge tsohon man, ya shafa sabo, ya ciro fanka daga wani mataccen kati ya ɗaura. Ba ta yi daidai da wurin ba, sai da ya ɗaure ta da siririyar waya. Ya ce za ta riƙe, amma kada ta matsa wa katin da tsakar rana.

Da ta dawo ta tarar Mma ta haɗa kayanta a jaka, ta ajiye a bakin ƙofa.

"Na kira Abdul-Manan," Mma ta ce, tana nufin ƙanen Maltiti. "Gobe zai zo da yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ya kai ni wurinsa. Ke kina da aiki, ɗakin kuma ya yi mana kaɗan mu uku, har da na'urarki."

Maltiti ta ajiye katin. Ta cire takalmi, ta durƙusa a gaban katifar har ƙasa kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya.

"Mma, ki gafarce ni. Ba zanenki ba ne. Abin da ma a lalace aka sayar mini. Ko da zanenki ne ma, bai kamata in ɗaga miki murya ba."

"Na ji. Tashi."

"Ki zauna, don Allah. Zan mayar da na'urar ɗaki, ki riƙe fankar."

"Na ce na ji, Maltiti. Amma na riga na gaya wa yaron ya zo."

Haka aka yi. Da safiyar Juma'a Abdul-Manan ya zo, ya gaishe da yayarsa sama-sama, ya ɗauki jakar. Maltiti ta riƙe wa Mma sanda har ta hau, ta tsaya a bakin titi har keken ya sha kwana.

Bidiyon bai kammala ranar ba. Da sanyin safiya kawai take iya sakin na'urar ta yi gudu, rana na ɗagawa sai ta dakatar. Yayan Alhaji ya zo ya koma Kumasi bai ga komai ba sai ƙofa da tsakar gida. Sai ranar Litinin aka gama, kuma ya yi kyau ƙwarai, har ƙyallin tayil ɗin bene ana gani. Ta kira Alhaji ta ce za ta kawo masa ya kalla a babban allo.

"A'a, ba sai kin zo ba, ina hanyar Yendi. Turo ta waya kawai, in tura wa Yaya."

Ta yi masa bayani cewa idan aka tura ta waya za a matse shi, kyan zai ragu. Ya ce ba komai. Ta tura. Ba a jima ba ya sake kira, ana jin ƙarar mota a bayansa.

"Hajiya Maltiti, na gani. Amma me ya sa ya yi dishi-dishi haka? Anya kwamfutar nan taki ba ta son gyara?"

Ta ce masa idan ya dawo gari za su yi magana. Sannan ta kashe na'urar, ta zuba miyar kuɓewar da ta dafa a kula, ta ɗaure a bayan babur. Ranar gashin ƙafar Mma ce, kuma Abdul-Manan ya ce shi ba zai samu zuwa asibitin ba.