'Ya'yan Gauraka a Gonar Iliyasu

Shinkafar Malam Iliyasu ta fara nuna ke nan a bakin kanal ɗin Kura, sai gauraka ta yi sheƙa a tsakiyar gonar, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Labari ya kai gidan namun daji, aka turo wani ma'aikaci, Nasiru.

"Baba, irin wannan tsuntsu ya kusa ƙarewa," in ji Nasiru. "Don Allah ka daina kaɗa gwangwanayen nan, kada uwar ta firgita ta gudu. In sun yi ƙwari za mu zo mu ɗauke su."

Iliyasu ya kwance igiyar korar tsuntsaye ya naɗe. Tsuntsaye jan-baki masu cin shinkafa kuwa sai ka ce shela aka yi musu. Maƙwabta na ta kaɗe-kaɗe da ihu, duk tsuntsun da suka koro a gonarsa yake sauka, shi kuma yana tsaye, hannu a baya, ko tafa hannu ba dama. Ranar yanka, rabin shinkafar ƙaiƙayi ne.

Bayan an kwashe 'ya'yan gaurakar, ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau mota ya je gidan namun dajin ganinsu. Ya same su a sabon keji, sun yi ɓul-ɓul, 'yan makaranta sun yi dafifi, malamarsu na karanta musu allon da ke jiki:

"An ceto su daga hannun manoma."

"Mugaye!" yaran suka ce baki ɗaya.

Iliyasu ya tsaya a bayansu, hannu a baya, kamar yadda ya tsaya a gona.