Waɗanda Aka Haifa "Wajajen"

Rahina ta sake danna madannin, allon ya sake kawo mata sunaye huɗun ɗazu.

"Madam, jinin nan bai tsaya ba," in ji Lokotoro Yahaya, likitan tiyata, daga bakin ƙofa. "Ledar jini ɗaya ta rage. Mai jini O negatif nake so, ko daga can unguwar Saga ne a ɗauko mutum."

Fatuma, matar da ta haihu da hantsi, ita ce kwance a ɗakin tiyata. Rahina kuwa ita ke riƙe da rumbun bayanan masu ba da jini na asibitin. Mutum dubu uku ne a babban jadawalin, amma likitoci ba sa shiga can. Ita ta yanka musu abin da take kira taga: ajiyayyar tambaya ce da ke tace jadawalin, ta nuna 'yan shekara sha takwas zuwa sittin kaɗai, da lambar wayarsu. Tana ji da tagar nan, har takan ce ko makaho ya leƙa sai ya gani.

Huɗun duk an kira su. Biyu sun yi tafiya, ɗaya wayarsa a kashe, ɗaya tana da ciki.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta rufe tagar, ta buɗe jadawalin kansa. O negatif: mutum goma sha ɗaya. To, ina bakwai suka shige?

Ta bi layinsu da yatsa. Gurbin ranar haihuwa fayau, ba komai. A gefe an rubuta abin da ke kan katinsu na ɗan ƙasa, kamar na duk wanda aka haifa a ƙauye ba takarda: an haife shi wajajen 1979. Tagar kuwa daga rana da wata take lissafa shekaru. Wanda ba shi da rana, sai ta tsallake shi shiru, kamar ba a haife shi ba.

Nan take ta kira na farko, Mumuni, tela a unguwar Gaweye.

"Baba, daga asibiti ne. Wata mai jego ce ke neman jini irin naka, yanzu yanzu."

"Ga ni nan bisa moto, ɗiyata. Shekara biyu da kuka rubuta ni. Na ce ko jinin nawa ne ba ku so."

Cikin minti ashirin ya iso a kan babur ɗinsa, da zare maƙale a hularsa. Kafin azahar Fatuma ta buɗe ido ta tambayi jaririnta.

Yahaya ya dawo yana goge fuska, ya tsaya bayan kujerar Rahina.

"Allah ya yi miki albarka. Ina kika samo shi? Da mun san da shi watan jiya, da ba mu rasa malamar makarantar nan don rashin jini ba. Sabo ne a rajista?"

Rahina ta dubi allon, inda sunayen bakwai ke jere.

"A'a, Lokotoro," ta ce. "Yana ciki tun lokacin."